Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ma'adanai Kan Gobara da Tsadar Inshora a Masana'antun Sarrafa Ma'adanai

Zuwa ga Mai Girma Ministan Bunƙasa Ma'adanai na Tarayyar Nijeriya, Abuja.

Wannan wasiƙa ta shafi wani al'amari ne da ba a cika tayar da shi ba a wuraren bikin aza harsashi ko buɗe sabuwar masana'anta, wato hatsarin gobara a wuraren da ake niƙa duwatsu ana tace ma'adanai, da kuma tsadar inshorar da wannan hatsari yake jawo wa masu zuba jari. Al'amuran biyu a ɗaure suke da juna, domin kuɗin da kamfanin inshora yake karɓa a shekara hukunci ne da injiniyoyinsa suka yanke a kan yiwuwar tashin wuta a wurin da kuma girman ɓarnar da za ta yi idan ta tashi, saboda haka duk hukumar da ta iya rage na farkon ta rage na biyun ba tare da ta kashe ko kwabo daga baitulmali ba.

Tun daga 2023 ma'aikatar da Mai Girma Minista yake jagoranta ta tsaya kai da fata a kan cewa zamanin kwasar ɗanyen dutse zuwa ƙasashen waje ya wuce, kuma duk mai neman lasisin haƙa sai ya nuna tsarin da ya yi na sarrafa abin da ya haƙo a cikin gida. Manufa ce mai kyau wadda ta fara nuna alamun amfani, domin a watan Mayun 2024 an buɗe masana'antar sarrafa litiyom ta kamfanin Avatar a Jihar Nasarawa, wadda aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 a kowace rana, ga kuma masana'antar tace zinari ta Segilola a Jihar Osun da ta fara aiki tun 2021, sannan ana ta gina wasu a sassa daban-daban na Arewa. Sai dai manufar tana tafe da wani sakamako da ya kamata a dube shi ido da ido. Tulin ɗanyen dutse ba ya cin wuta, ko da zai shekara a fili, amma da zarar an tattara dukiyar ma'adinin gaba ɗaya an bi da ita ta cikin gini guda, ta kan injin niƙa guda da bel guda, to arzikin kamfanin da albashin ma'aikatansa da harajin da gwamnati take sa rai duk sun koma suna rataye ne a kan lafiyar wannan gini.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan masana'anta ba zai yi mamakin yadda za a ce wuta ta cinye ta, tunda abin da ido yake gani daga waje ƙarfe ne da dutse da taɓo. Abin da ke ciki dabam ne. Dutsen da ake niƙawa yana cinye ƙarfe da sauri, don haka ake shimfiɗa roba mai kauri a cikin injin niƙa da bututai da tankuna da magudanun da dutse ke gangarowa, ake kuma yin rariyoyin tankaɗe da wata irin leda mai tauri da ake kira foliyuretan. Bel ɗin da ke ɗauko dutse daga mafasa zuwa maniƙa roba ce zalla mai tsawon ɗaruruwan mitoci, wadda sau da yawa take hawa sama a cikin rufaffen lungu, irin yanayin da iska ke jan wuta daga ƙasa zuwa sama cikin 'yan mintoci. A ƙara da man da ke cikin taransifoma, da man shafawa da ke zagaya manyan injuna cikin matsi, da dubban mitocin wayoyin lantarki masu rigar leda, da tankunan dizal na janaretoci waɗanda babu masana'antar da za ta iya aiki ba tare da su ba a ƙasar da wutar gwamnati ba ta da tabbas. Muddin injuna suna aiki, ruwa da taɓo suna jiƙa yawancin wannan roba, amma ranar da aka kashe su domin gyara sai komai ya bushe, kuma a ranar ne masu walda suke shigowa.

Yadda abin yake faruwa sananne ne ga duk wanda ya yi aikin binciken gobara a wannan fanni. Mai walda yana hawa can sama domin ɗinke wani ƙarfe da ya tsage, tartsatsi yana zubowa ta ramukan dandamalin da yake tsaye a kai, ɗigon narkakken ƙarfe guda ya gangara ya maƙale a cikin rariya ko a kusurwar magudana mai shimfiɗar roba, hawa biyu ko uku a ƙasa da inda kowa yake dubawa. Robar ba ta kamawa nan take, sai ta yi ta ci a hankali ba harshen wuta ba hayaƙin kirki, har mai walda ya naɗe wayarsa, ma'aikata su fita cin abinci ko salla. Lokacin da baƙin hayaƙi zai turnuƙe ginin, zafin ya riga ya kai matsayin da ginshiƙan ƙarfe suke lanƙwashewa, hayaƙin kuma mai guba ne ta yadda babu mai iya matsawa da ƙaramar tukunyar kashe wuta a hannu. Haka nan bel yake kamawa idan ɗaya daga cikin ƙananan gargaren da yake gudu a kansu ya cije ya daina juyawa, ya yi ta gogar roba har ya yi jajir, sannan aka tsayar da bel ɗin a kansa.

Misali mafi kusa da Nijeriya shi ne na ma'adinin zinari na Tasiast a ƙasar Muritaniya, mallakar kamfanin Kinross na Kanada, inda gobara ta tashi a sashen injin niƙa a watan Yunin 2021, aka kuma danganta ta da aikin walda. Ba a rasa rai ba, haƙar dutse ma ta ci gaba, amma niƙa ta tsaya har zuwa watannin ƙarshen shekarar, kamfanin kuma ya rage hasashen zinarin da zai samar a duk ma'adanansa a wannan shekara daga oza miliyan 2.4 zuwa miliyan 2.1. A farkon 2019 wuta ta lalata wani sashen tankaɗen taman ƙarfe na kamfanin Rio Tinto a tashar Cape Lambert da ke yammacin Ostareliya, a watan Maris na shekarar kuma ta cinye bel ɗin jigilar dutse na ma'adinin Musselwhite a Kanada, wanda sai da aka shiga 2020 ana aikin maye gurbinsa. A ma'adinin jan ƙarfe na Palabora a Afirka ta Kudu, gobarar bel ta halaka ma'aikata shida a watan Yulin 2018. Duk waɗannan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyin tsaro da kuɗi da dogon tarihi a sana'ar, abin da ke nuna cewa sabuwar masana'antar da aka gina cikin gaggawa a bayan gari, nesa da kowace tashar 'yan kwana-kwana, ba ta da dalilin ɗaukar kanta a matsayin wadda ta fi ƙarfin wannan musiba.

Maganin wannan nau'in gobara ba shi da tsada, kuma a nan ne abin yake da ciwo. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, wadda kamfanonin inshora na duniya suke dogaro da ƙa'idojinta, ta tanadi cewa kafin a yi walda ko yankan ƙarfe da gas a wajen ɗakin da aka keɓe domin haka, sai wani jami'i ya duba wurin ya ba da rubutaccen izini, a kwashe ko a rufe duk abin da ke cin wuta a tazarar kimanin mita 11, a kuma ajiye mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai sa ido, ya ci gaba da tsayawa aƙalla awa guda bayan an gama. A masana'antar da ke cike da roba, ƙari a kan haka shi ne a rubuta alama ɓaro-ɓaro a jikin kowane tanki da bututu mai shimfiɗar roba, a jiƙa wurin kafin a fara, a kuma fi son kwance ƙarfen a kai shi waje idan hakan zai yiwu. Abin da wannan tsari yake buƙata shi ne takarda da alƙalami da manajan da zai iya tsayar da aiki ko da an makara, domin matsin lambar a tayar da injin kafin wayewar gari shi ne yake sa a tsallake shi, musamman idan 'yan kwangila ne daga waje suke gyaran, waɗanda ba su san abin da ke ƙarƙashin fentin da suke ƙonawa ba.

Sinadaran tacewa suna da nasu hatsarin, wanda ya bambanta daga ma'adini zuwa ma'adini. Masu tace dalma da tutiya da jan ƙarfe ta hanyar kumfa, wato hanyar da ake sa ƙwayoyin ma'adini su manne wa kumfar iska su taso sama su bar tsakuwa a ƙasa, suna amfani da wani sinadari mai suna zantet, wanda idan laima da zafi suka same shi a ma'ajiya yakan ruɓe ya fitar da tururi mai saurin kamawa, har ma ya ɗauki zafi da kansa. Masu tace zinari suna ajiye sayanaid, wanda shi kansa ba ya cin wuta, amma idan gobara ta kai ma'ajiyarsa, ruwan kashe wutar yana iya kwashe shi zuwa rafi, haɗuwarsa da asid kuma tana fitar da iskar da ke kashe mutum cikin mintoci. Mafi muni a tarihin wannan sana'a shi ne sashen da ake tsamo jan ƙarfe ko yuraniyom da wani mai dangin kananzir, inda ake ajiye dubban litoci a buɗaɗɗun tankuna jere da juna. Ma'adinin Olympic Dam na kudancin Ostareliya ya yi gobara a irin wannan sashe a watan Disambar 1999, ya sake yi a watan Oktobar 2001, aka kuma zargi tartsatsin lantarkin da ke taruwa idan mai yana gudu a cikin bututun leda. Da wannan hanya ake tace yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, kuma da zarar Nijeriya ta wuce matakin tankaɗe da wanke dutse ta shiga ainihin tacewa, za a fara ganin irin waɗannan tankuna a nan. A ƙasar da zafin bazara yake wuce digiri 40, bambancin da ke tsakanin man da aka tace musamman domin wannan aiki da kananzir na kasuwa, wanda tururinsa ke iya kamawa tun daga wajen digiri 38, bambanci ne na rai da mutuwa, kuma ya dace a rubuta shi a ƙa'ida tun kafin wani ya yi tunanin rage kuɗi ta wannan hanya.

Batun ruwa shi ne inda yanayin Arewa ya fi tsananta matsalar. Watannin hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe kuma komai yake saurin kamawa, su ne watannin da madatsar masana'anta take ja baya, rijiyoyin burtsatse suke raguwa, manaja kuma yake kallon tankin ruwan gobara a matsayin ruwan da ke zaune a banza alhali injuna suna jin ƙishi. Injiniyoyi sun daɗe da samo dabarar hana wannan, wato a sa bakin bututun da ke ɗibar ruwan aiki a tsakiyar tankin, bakin na gobara kuma a can ƙasa, ta yadda ko an so ba za a iya shanye kason gobara ba. Haka kuma famfon da ke tura ruwan dole ne ya kasance yana da na biyu mai aiki da dizal, saboda wayar lantarki tana cikin abubuwan da wuta take fara cinyewa, kuma ƙa'ida ita ce a tayar da shi ya yi aiki na minti 30 kowane mako. Famfon da aka saya aka girke aka yi masa fenti ja, amma batirinsa ya mutu tun bara, yana nan birjik a masana'antu, kuma shi ne abu na farko da injiniyan inshora yake zuwa ya murɗa da hannunsa.

A nan ne ya dace a bayyana yadda ake yanka farashin inshorar irin waɗannan wurare, domin akwai masu ɗauka cewa ciniki ne kawai tsakanin dillali da kamfani a Legas. Dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, na kamfanin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora kuma zuwa naira biliyan 35. Ci gaba ne, amma a farashin 2025 naira biliyan 15 ba ta wuce kimanin dala miliyan 10 ba, alhali masana'anta guda tana iya lashe dala miliyan 100, saboda haka kamfanin cikin gida yana riƙe ɗan kaso ne ya miƙa saura ga kamfanin Africa Re, mai yi wa kamfanonin inshora inshora, da kuma manyan kasuwannin Landan da Munik da Zurik. Waɗannan su ne masu yanka farashi na haƙiƙa, kuma sun ƙara tsanani tun bayan fashewar madatsar laka ta Brumadinho a Brazil a watan Janairun 2019, wadda ta kashe mutum 270, lokacin da wasunsu suka rage abin da suke ɗauka a harkar ma'adanai, waɗanda suka rage kuma suka ƙara kuɗi suka ƙara sharuɗɗa. Masana'antar da ta je gabansu ba tare da rahoton injiniya mai zaman kansa ba, daga ƙasar da ba ta da kundin tarihin gobarar masana'antu, ana yi mata lissafi ne a kan mafi munin zato.

Abin da suke dubawa shi ne asara mafi girma da za a iya hasashe, wato adadin dukiyar da wuta guda za ta iya cinyewa idan duk na'urorin kariya suka gaza, babu abin da ya tsayar da ita sai tazara ko bango. Masana'antar da aka cusa taransifoma da ɗakin lantarki da tankin dizal da injin niƙa a ƙarƙashin rufi guda, asararta mafi girma ita ce masana'antar gaba ɗaya, yayin da wadda aka raba sassanta da fili ko katangar kankare take da asarar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ba, farashin inshorarta kuma yana bin wannan lissafi shekara bayan shekara har ƙarshen rayuwar ma'adinin. Matsar da taransifoma mita goma a kan takardar zane ba ya cin komai sai ɗan ƙarin waya, amma matsar da shi bayan an zuba kankare aiki ne da kusan babu mai yi. Wannan shi ya sa lokacin da gwamnati take da iko mafi girma a kan tsadar inshora shi ne lokacin amincewa da zanen gini, lokacin da a halin yanzu hankalin hukumomi ya fi karkata ga yawan tan da yawan guraben aiki.

Sau da yawa kuma ƙonewar injin ita ce ƙaramar asara idan aka kwatanta da zaman jiran sabo. Babbar motar injin niƙa ko haƙorin da ke juya shi ko taransifoma mai girma ba kaya ne da ake samu a kan kanta ba, ana ƙera su ne bisa oda, abin da kan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci shekara ko fiye, kafin a ƙara tafiyar teku da fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa da jan su a kan titi zuwa Nasarawa ko Kaduna ko Filato. Akwai inshorar tsayawar aiki, wadda take biyan ribar da aka rasa da albashi da kuɗin bashin banki a wannan tsakani, sai dai tana da wa'adi, kuma wanda ya zaɓi wa'adin wata 12 domin ya rage kuɗi yana iya samun kansa an daina biyansa alhali injin yana kan teku. Tana kuma da kwanakin farko da mai masana'anta yake ɗauka da kansa, waɗanda suke ƙaruwa gwargwadon rashin gamsuwar mai inshora da tsaron wurin. Ajiye muhimman kayan gyara a ma'ajiyar da ke nesa da ginin niƙa yana gajarta wannan jira, masu inshora kuma suna saka shi a lissafi.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da Nijeriya wadda ta cancanci kulawar Mai Girma Minista ta musamman. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 kuma ta wuce naira 1,500. Injin da aka shigo da shi a kan dala miliyan 10, aka yi masa inshorar naira biliyan 4.6 bisa tsohon farashi, maye gurbinsa a sabon farashin zai ci kusan naira biliyan 15, wato abin da aka yi wa inshora bai kai kashi ɗaya cikin uku na darajarsa ba. Yarjejeniyar inshorar gobara tana ɗauke da sharaɗin da ke cewa wanda ya rage darajar dukiyarsa, za a rage masa diyya daidai gwargwado, ko da ɓarnar ba ta kai adadin da ya rubuta ba, ta yadda wanda wuta ta yi wa ɓarnar naira biliyan 3 zai karɓi ƙasa da biliyan 1. Yawancin masu masana'antu ba sa gano wannan sai ranar neman diyya, daga nan kuma sai a shiga zargin cewa kamfanonin inshora ba sa biya, zargin da ya riga ya yi wa harkar illa a ƙasar da abin da ake kashewa a inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikinta ba.

Dalilin kawo wannan koke gaban Mai Girma Minista shi ne cewa al'amarin ya faɗa tsakanin hukumomi huɗu, babu wadda ta rungume shi. Kundin tsarin mulki ya keɓe harkar ma'adanai ga gwamnatin tarayya, Dokar Ma'adanai da Haƙa ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 kuma sun ɗora kula da lafiyar aiki a kan Sashen Sufetocin Ma'adanai, wanda al'adarsa ta fi ƙarfi wajen ramuka da nakiya. Duba masana'antu yana hannun Ma'aikatar Ƙwadago, Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, jihohi suna da nasu 'yan kwana-kwana waɗanda aka horar domin gobarar gidaje da kasuwanni, inshora kuma tana hannun hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM. A cikinsu duka, ma'aikatar ma'adanai ce kaɗai take riƙe da abin da mai masana'anta ba ya iya yi ba tare da shi ba, wato lasisi.

Abin da ake roƙo shi ne a mayar da rahoton hatsarin gobara, wanda injiniya mai zaman kansa ya rubuta a kan zanen gini kafin a fara shi, ya zama sharaɗin amincewa da kowace masana'antar sarrafa ma'adanai da ta wuce wani girma da ma'aikatar za ta ƙayyade, a kuma riƙa sabunta shi duk bayan shekara biyu ko uku tare da nuna abin da aka gyara daga shawarwarin baya. Babu buƙatar rubuta sabuwar ƙa'ida daga tushe, tunda ƙa'idar NFPA mai lamba 122 an yi ta ne musamman domin ma'adanai da wuraren sarrafa su, abin da ya rage shi ne a daidaita ta da yanayin ƙasar a ambace ta a cikin ƙa'idojin ma'aikatar. A haɗa da wannan, a nemi kowace masana'anta ta nuna shaidar inshorar gobara da ta tsayawar aiki wadda aka sabunta ƙimarta bisa farashin maye gurbi na wannan shekara, a kuma zauna da NAICOM domin a sauƙaƙa biyan diyya da kuɗin waje ga injunan da aka saya da kuɗin waje, a kuma tabbatar cewa rahoton injiniya guda ya wadatar wa ma'aikata da masu inshora, kada mai jari ya biya sau biyu.

Za a ce wannan ƙarin nauyi ne a kan masu zuba jarin da ake lallashi su zo, kuma tsoron yana da tushe idan aka mayar da sharaɗin wata sabuwar kafar karɓar kuɗi. Kowa ya san yadda takardar inshorar mota ta daɗe tana zama abin da ake saya a bakin ofishin lasisi domin nuna wa jami'in kan hanya, ba tare da wani kamfani na gaske a bayanta ba, har sai da masu inshora suka kafa rumbun bayanai na intanet da ake tantance ta a ciki. Idan takardar gobara ta bi wannan hanya, gara ma ba a fara ba. Kariya daga hakan ita ce kada a kafa sabuwar hukuma, kada a sa sabon haraji, a bar rubuta rahoto ga injiniyoyin da masu ɗaukar asarar suka amince da su, tunda su ne za su biya idan rahoton ƙarya ne, aikin sufeton gwamnati kuma ya tsaya ga zuwa ba zato ya buƙaci a tayar da famfo a gabansa, ya duba kundin izinin walda na makon da ya wuce, ya leƙa tankin ruwa a watan Afrilu. Mai jarin da ya karɓi bashi daga bankin ƙasa da ƙasa ya riga ya saba da waɗannan sharuɗɗa, wanda zai ji nauyinsu shi ne wanda ya zo da niyyar kwasa cikin shekara uku ya tafi.

Ƙananan masu sarrafawa, waɗanda suke da injin fasa dutse ɗaya ko biyu da janareta da gangunan mai a fili guda, ba za su iya biyan injiniya daga waje ba, kuma su ne suka fi yawa. Bala'in gubar dalma da ya kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010 ya nuna abin da ke faruwa idan sarrafa dutse ya koma cikin gidaje ba tare da idon hukuma ba, fashewar nakiyar da aka ajiye a wani gida a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairun 2024 kuma ta nuna cewa hatsarin ba ya tsayawa a daji. Tunda ma'aikatar tana tattara masu haƙar gargajiya cikin ƙungiyoyin gama-kai, ana iya yi wa kowace ƙungiya inshora ta bai ɗaya da gajeren jerin sharuɗɗa da ba su wuce shafi guda ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Arewa suna ƙyamar inshorar da aka saba saboda shakkar riba da rashin tabbas a cikin yarjejeniyarta, amma NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, wato tsarin da mahalarta suke zuba gudummawa a asusu guda domin taimakon wanda asara ta samu, akwai kuma kamfanonin da ke da lasisin gudanar da shi, don haka sharaɗin ya kamata ya ambaci takaful da sunansa.

Sauran abu biyu sun shafi ma'aikata da kuma ilimin da ƙasa take tarawa. Injuna da yawa suna zuwa ne daga Sin da wasu ƙasashe da rubutun gargaɗi a harshen da lebura ba ya karantawa, alhali shi ne yake kusa da wuta a mintocin farko da ake iya kashe ta, saboda haka ya dace a wajabta rubuta alamomi da matakan gaggawa da Hausa da sauran harsunan ma'aikatan wurin, a horar da rukunin kashe gobara daga cikinsu a kowane zubin aiki, har da na dare, a kuma tabbatar ana biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun inshorar ma'aikata na NSITF kamar yadda Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanada. Sannan a wajabta wa kowace masana'anta ta kai rahoton duk wata gobara, ko da ƙarama ce da aka kashe da tukunya guda, ga Sashen Sufetocin Ma'adanai cikin kwanaki ƙalilan, a riƙa buga taƙaitaccen bayani kowace shekara ba tare da sunayen kamfanoni ba, yana nuna inda wuta ta tashi da sanadinta da tsawon lokacin da aiki ya tsaya. Bayan shekara biyar na irin wannan kundi, dillalin Nijeriya zai iya zama gaban masu yanka farashi a Landan da alƙaluman ƙasarsa a hannu, ma'aikatar kuma za ta san ko walda ce ko bel ko ɗakin lantarki ya fi buƙatar sufetocinta.

Allah ya taimaki Mai Girma Minista. Haza wassalam.